Amsa ba tare da hanya ba: sharhi a kan « corrigé » na lissafi a makarantun Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun lissafi na ƴan kwaleji ko na lise a jahar Maraɗi ya san wannan hali: a ba da aikin gida ran Alhamis, ran Litinin takardu su dawo kusan duka daidai, layi bisa layi, har da inda aka ja layin ƙasa. Bayan kwana goma a yi jarrabawa cikin aji a kan darasin nan dai, a sauya adadi biyu ko uku kawai, sai a tarar yaran da suka ci aikin gida sun kasa ko fara rubutu. An saba a ce lalaci ne ko satar amsa. Wannan ƙasida tana ganin akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi, kuma yana cikin matanin da muke ba yara su karanta, wato gyararriyar amsa, wadda kowa ya sani da sunan « corrigé ».

Za mu ɗauki « corrigé » a matsayin wani nau'in rubutu mai tsarinsa da salonsa, mu auna shi kamar yadda ake auna kowane matani: me yake faɗi, me yake ɓoyewa, wa yake yi wa magana. Misalanmu za su fito daga fanni uku: aljabara, lissafin sauyi (« dérivée » da abin da ke biye da ita) da ƙididdiga. Ɗaliban da muke tunawa da su kuwa su ne na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, inda harshen gida da na kasuwa Hausa ne, harshen allo kuma Faransanci.

2. Surar matanin

Littattafan lissafi da aka fi sani a sakandaren Nijar su ne na jerin CIAM, waɗanda kamfanin EDICEF ya wallafa tun daga shekarun 1990 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Saliou Touré na Kodebuwa. Sun samo asali ne daga yunƙurin daidaita manhajar lissafi tsakanin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Ba ƙaramin aiki aka yi ba, domin kafin su ana dogara ne ga littattafan da aka rubuta don yaran Faransa. Amma littafi guda da za a karanta a Abijan da Yawunde da Gazawa tilas ya tsaya a kan abin da ya haɗa su duka, ya bar wa malamin aji aikin kusanto da darasi ga yaran garinsa. A gefen waɗannan littattafai ne wani rubutun ya bunƙasa: tarin tambayoyin BEPC da na bak na shekarun baya tare da amsoshinsu, da takardun da ake ɗauka hoto a shaguna, da tsofaffin kaye da ƙane ke gada daga wa.

In aka duba kowane « corrigé » za a ga sassa uku. Da farko a maimaita tambaya da alamomi. Sai jerin layuka da kalmomi ƴan kaɗan ke haɗa su: « on a », « or », « donc », « d'où ». Daga ƙarshe a kewaye amsa. Matani ne mai tsabta, ba kankare ba komawa baya. To, a nan matsalar take. Babu mai ilimin lissafi da ke warware tambaya ta wannan hanya. Yana gwadawa, ya ɓata, ya zana, ya ɗauki ƙaramin adadi ya ga abin da zai faru, sa'an nan in ya samu hanya ya share sawunsa ya rubuta abin da ya rage. George Pólya, a littafinsa na 1945 kan dabarun warware tambaya, ya kasa aikin gida huɗu: fahimtar tambaya, tsara dabara, zartar da ita, waiwaye. « Corrigé » yana nuna na uku kaɗai. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu kuwa muna miƙa wa yaro zomo a dafe, mu ɓoye masa gudun.

Sakamakon haka sananne ne. A wajajen 1980 masu bincike na IREM ta Grenoble sun gaya wa yaran firamare yawan tumaki da awakin da ke cikin wani jirgin ruwa, suka tambaye su shekarun matuƙin jirgin. Daga cikin yara 97, 76 suka haɗa adadin da aka ba su suka kawo amsa. Stella Baruk ta ɗauko sunan littafinta na 1985 daga wannan gwaji. Yaran ba wawaye ba ne: sun koyi ƙa'idar da ba a rubuta ba, cewa a aji kowace tambaya tana da amsa, kuma ana samun ta ta hanyar juya adadin da ke ciki. Guy Brousseau ya kira irin wannan fahimtar juna tsakanin malami da ɗalibi « contrat didactique ». In wannan ya faru ga yaran da Faransanci ne harshen uwarsu, ina ga yaron Gangara ko Cadakori da ke fama da harshe da lissafi gaba ɗaya?

3. Aljabara: dala da sikeli

A kasuwannin Nijar ba a ƙirga kuɗi da tamma, wato faran na sefa, sai da dala. Dala ɗaya tamma 5 ce, jikka kuma dala 200, wato tamma 1000. Yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli a tashar Gazawa, in aka nuna mata farashi a rubuce 350, nan take za ta ce dala saba'in. Ta raba 350 gida 5 ba alli ba allo. Ranar da ta zauna a aji na « quatrième » aka rubuta mata 5x = 350, ba abin mamaki ba ne ta rubuta x = 345, ko ta raba da −5.

Daga ina wannan kuskure ya fito? Daga ƙa'idar da aka haddace: abin da ya ƙetare alamar daidai sai ya sauya alama. « Corrigé » yana nuna adadi a hagu, a layi na gaba ya nuna shi a dama, bai faɗi dalili ba. Sai yaro ya ɗauka adadi tafiya yake yi, kamar mai ƙetare iyaka yana canja kuɗi. Alhali babu abin da ke ƙetarewa. Daidaito tamkar sikeli ne: abin da ka yi wa wannan gefe dole ka yi wa wancan. In an cire 7 a hagu an cire 7 a dama. In an raba hagu gida 5 an raba dama gida 5. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo ya riga ya san wannan.

Ba wai muna ƙirƙiro wa aljabara dangantaka da rayuwa ba ne; da ita aka haife ta. Littafin Al-Khawarizmi, wanda aka rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 820, kuma daga sunansa aka samu kalmar aljabara, an rubuta shi da zance ne ba da alamomi ba, kuma kaso mai yawa na cikinsa a kan rabon gado da wasiyya yake. Wannan ilimi yana raye a zaurukan Tibiri da Agye. Alal misali, mace ta rasu ba ɗa ba jika, ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, ƴan'uwan suna da kashi biyu cikin uku. In aka mai da su asali ɗaya, 3 cikin 6 da 4 cikin 6, sun zama 7 cikin 6, sun wuce dukiyar. Malamin gado zai ɗaga asalin zuwa 7, abin da ake kira auli: miji ya ɗauki 3 cikin 7, kowace ƴar'uwa 2 cikin 7. Ga tara ɓangarori, ga neman asali guda, ga rabo bisa gwargwado, duk cikin magana ɗaya da ake yi da Hausa a gaban magada. Ɗalibin da ya halarci rabon gonar kakansa jiya, yau ba ya ganin alaƙarsa da « réduire au même dénominateur », domin babu matanin da ya taɓa nuna masa. Ƙasar nan kuma ba baƙuwar lissafin rubuce ba ce: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin adadi.

Binciken da Terezinha Carraher, David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa a 1985 kan yara biyar masu talla a birnin Recife na Barazil ya nuna irin wannan rata: a bakin sana'a sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin, da aka rubuta musu lissafin nan tsirara a takarda sai suka ci kimanin 37. Yara biyar ba su isa a kafa doka ba, amma duk malamin Gidan Rumji da ya ga yadda ƴan canji ke juya naira da sefa da ka zai gane hoton.

4. Lissafin sauyi: tambayar darni

A lise, daga ajin « première », ana shiga nazarin yadda abu ke sauyawa. A nan « corrigé » ya fi ƙarfi, domin aikin yana da jeri da ba ya canjawa: iyakar inda lissafin ke aiki, « limites », « dérivée », alamarta, jadawalin hawa da sauka, zane. Ɗalibi zai iya bin wannan jeri daga farko zuwa ƙarshe ya samu maki mai kyau, bai taɓa sanin abin da « dérivée » ke aunawa ba.

Mu ɗauki tambaya da aka saba bayarwa. Mutum yana da darni mai tsawon mita 40, yana so ya kewaye lambu mai kusurwa huɗu da zai fi kowanne faɗi. Amsar da ke cikin kowane kaye ita ce murabba'i, mita 10 kowane gefe, fili ya zama mita murabba'i 100. Yanzu a sauya abu ɗaya: lambun zai jingina da katangar gida, don haka gefe uku kawai za a kewaye. In x ne tsawon kowane ɗaya daga gefe biyun da suka taso daga katanga, gefe na uku 40 − 2x ne, fili kuma x(40 − 2x). Saurin sauyinsa 40 − 4x, wanda ke zama sifiri in x ya kai 10. Ke nan lambun zai zama mita 10 da mita 20, fili mita murabba'i 200. Ɗalibin da ya haddace murabba'i zai sake rubuta 10 da 10, ya samu 100, ya bar mita 10 na darni a yashe, kuma ba zai lura ba. Mahaifinsa da bai shiga lakkwal ba zai lura tun kafin a kafa itacen farko.

Abin da ya ɓace a nan shi ne mataki na huɗu na Pólya, waiwaye: shin amsar nan ta yi kama da gaskiya? « Corrigé » ba ya tambayar kansa haka, domin shi ya riga ya san daidai yake. Sai ɗalibi ya koyi cewa tabbatar da amsa aikin wani ne.

Daɗin daɗawa, Hausa tana da yadda take faɗin waɗannan ma'anoni. Tsakanin kaka da damina farashin tiyar hatsi yakan hau. In ɗan kasuwa ya ce tsada tana ƙaruwa amma ta rage gudu, ya faɗi abu biyu daban: sauyin farko yana sama da sifiri, sauyi na biyu yana ƙasa da shi. In ya ce farashi ya kai maƙura, ya tsaya, zai fara sauka, ya bayyana wurin da « dérivée » ke zama sifiri ta sauya alama. Jimla biyu irin waɗannan kafin a shiga alamomi sun fi shafi goma na jadawali amfani ga mai koyo.

5. Ƙididdiga: matsakaicin da ba na kowa ba

A ƙididdiga « corrigé » yana koyar da cika jadawali: a ninka, a tara, a raba. Ba ya koyar da zaɓi. A ce gidaje biyar a wani ƙauye sun samu damman hatsi 20, 25, 30, 35 da 390. Jimla 500, matsakaici 100. Lissafi daidai ne, amma gida huɗu cikin biyar ba su kai ko rabin wannan adadi ba. Adadin da ke tsakiyar jeri, « médiane », 30 ne, kuma shi ya fi faɗin gaskiyar ƙauyen. Wanda zai yanke shawarar ko ƙauyen na bukatar agaji, in ya riƙe 100 zai bar mutane da yunwa. Daga cikin ɗaliban da ke zaune a ajinmu yau ne za a samu malaman gona da na asibiti da za su cika rahotannin gobe, don haka wannan ba maganar maki kaɗai ba ce.

Haka kuma batun ma'auni. Ana ƙiyasta tiyar hatsi kimanin kilo 2,5, buhun kilo 100 kuma kimanin tiya 40, amma tiyar da aka tula da wadda aka shafe ba ɗaya ba ne, dami ma wani ya fi wani. Kowane yaro ya san wannan, kuma shi ne ƙofar shiga batun bambanci da kuskuren awo. Tambayoyin aikin gida kuwa suna zuwa da adadi a shirye, ba a faɗi wa ya auna ba, ko da me.

Abin lura shi ne akwai matsakaici guda da babu ɗalibin da ke kuskure a kansa: « moyenne » tasa ta ƙarshen zango. In ya samu 8 a darasi mai ninki 3, da 12 a mai ninki 2, zai gaya maka 9,6 ne, har ya faɗi makin da yake bukata don ya kai 10. Ya warware daidaito mai ɓoyayyen adadi ke nan, don abin ya shafe shi.

6. Inda hujjarmu ta tsaya

Adalci ya sa mu faɗi abu uku. Na farko, amsar da aka warware ba abar ƙi ba ce. John Sweller da Graham Cooper sun nuna a 1985 cewa masu fara koyon aljabara suna amfana da nazarin misalan da aka warware. Ga yaron da ya baro ƙauyensu ya zauna gidan mai masauki a Gidan Rumji, ba littafi ba wa da zai tambaya, « corrigé » shi ne malamin dare. Sukarmu tana kan abin da aka cire daga cikinsa.

Na biyu, dala da tiya ƙofa ce kawai. Ba za su kai ɗalibi ga « logarithme » ko adadi masu sarƙaƙiya ba. Ƙarfin alama shi ne ta rabu da kowane misali, kuma yaron Agye yana da haƙƙin isa can kamar na Paris. Wanda ya tsare shi a kasuwa da sunan al'ada ya cuce shi kamar wanda ya hana shi tashi daga can.

Na uku, ba a lise matsalar ta faro ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ƴan ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. Malamin da ke gaban cunkoson aji, manhaja na korar shi, jarrabawa na tafe, in ya rubuta amsa a allo ya ce a kwafa, ba mugunta ya yi ba.

Wayar hannu ta ƙara wa lamarin gaggawa. Photomath, da ya fito a 2014, yana karanta daidaito daga hoto ya jero matakai. ChatGPT, tun ƙarshen 2022, yana amsa tambayar da aka rubuta da zance. Amsoshi kuma suna yawo ta WhatsApp. Dabarar sauya adadi don kauce wa tsohon kaye ta daina aiki ga duk ɗalibin da ke da waya ko abokin da ke da ita. Gaskiya ne ana iya tambayar na'ura dalilin kowane mataki, amma sai wanda aka koya wa cewa akwai dalili zai tambaya. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ranar BEPC ko bak ake ganin haka.

7. Kammalawa

Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, maƙwabciyar Agye da Gazawa, ya kare koyarwa da harsunan Afirka a littafinsa na 1964 kan ilimi a nahiyar. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa. Bisa ga haka, tambayar yadda za a rubuta lissafi da Hausa ta zo ƙofar sassan jami'a irin namu. Haɗarin da muke hange shi ne a ɗauki « corrigé » yadda yake a fassara: « donc » ya koma "don haka", « d'où » ya koma "daga nan", hanya ta ci gaba da ɓoyuwa. In aka yi haka an sauya harshe ne kawai, cutar tana nan.

Shawararmu ita ce a sake fasalin matanin kansa. Kowace amsa ta fara da faɗin tambayar da Hausa, ba alama ko ɗaya, tare da ƙiyasin inda amsa za ta faɗa. Kowane layi ya zo da dalilinsa a gefe. A riƙa nuna hanyar da aka gwada ta ƙi, da abin da ya sa aka bar ta. A rufe da jarraba amsar cikin tambayar asali, kuma a ware wa wannan mataki maki a aikin gida. Lokaci-lokaci a ba ɗalibai amsa mai kuskure a ce su nemo inda ta karkace.

Ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri, ga fili a buɗe: a je kasuwannin Gazawa da Tibiri da zaurukan malaman gado, a naɗi yadda ƴan canji da masu awo da masu rabo ke bayyana lissafinsu, da kalmomin da suke haɗa hujja da su. Daga nan ya kamata kalmomin lissafin Hausa na sakandare su fara fitowa, kafin a zauna teburin ƙirƙirar sababbi.